Farantin ciyar da tsuntsaye a tsakar gida: wanne ya dace da Damagaram?

Wata Hajiya daga unguwar Birni ta aiko da tambaya. Mahaifiyarta ta tsufa, ba ta iya fita, kuma babu abin da ke ɗebe mata kewa kamar kallon tsuntsayen da ke sauka a tsakar gida. Sun saba watsa gero a ƙasa, amma kaji da awaki ke cinyewa, kwanan baya kuma kyanwa ta kama kurciya a gaban idon tsohuwa. Ɗan Hajiyar da ke karatu a Faransa ya turo mata hotunan farantan da Turawa ke kafa wa tsuntsaye, wani shimfiɗaɗɗe, wani da rufi, wani a rataye, wani a kan sanda, yana tambaya wanne zai sayo. Ga amsar da na ba ta.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Inna lafiya. Ki ce wa yaron ya riƙe kuɗinsa. Abin da kike nema yana nan kasuwar Dole, wajen masu sayar da rariya, kuma da taimakon mai walda na unguwa za ki samu abin da ya fi na hoton dacewa da garinmu. Idan lalle yana so ya kawo wa kakarsa tsaraba, ya sayo mata ƙaramin tabarau na hangen nesa, wanda ke ƙara girman abu sau 8. Shi ne abin da ke wuyar samu a nan.

A cikin hotunan da ya turo, shimfiɗaɗɗen faranti shi ne daidai da tsuntsayenmu, a nan kin yi dace. Waɗancan dogayen kwalabe masu huda da ake ratayewa an yi su ne don tsuntsayen Turai masu maƙalewa da ƙafa suna zaro ƙwaya ɗaya-ɗaya. Namu na gida kusan dukkansu a ƙasa suke kiwo, suna tafiya suna tsinta. Kurciya haka take, hasbiya da ke kwana a kan soraye da duwatsun Birni haka, bardo mai dogon wutsiya haka, gwara haka. Sai ƙananan nan biyu da nake zaton su Inna ta fi so: baiwar Allah, wadda namijinta ja ne jawur da ɗigon fari a gefen ƙirji, tsawonta bai wuce santimita 10 ba, da asisi mai shuɗin ƙirji, wanda namijinsa ke da jan tabo a kumatu. Duk waɗannan fili suke so, inda za su tsaya da ƙafa biyu su ga abin da ke kewaye da su.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni a aikina na malamin dabbobi abin da na fi dubawa a faranti shi ne yadda yake bushewa da yadda yake wankuwa. Kyansa da yawan hatsin da yake ɗauka duk suna baya. Dalili kuwa shi ne, a shimfiɗaɗɗen faranti tsuntsu a kan abincinsa yake tsayawa. Nan yake ci, nan yake kashi, nan yake zubar da abin da ya kasa haɗiyewa, na bayansa ya zo ya tsince. A daji tsuntsaye a warwatse suke kiwo, yau nan gobe can. Ke kuwa za ki tara su kullum a wuri guda da bai fi faɗin tire ba. Idan ɗaya na da cuta, kin haɗa shi da sauran a akushi ɗaya.

Akwai wata cuta ta kurciyoyi da tantabaru da masu kiwon tantabara suka san ta sarai, ko da ba su san abin da ke kawo ta ba. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, ana ce mata Trichomonas, tana zama a baki da maƙogwaro. Idan kika kama kurciyar da ta kamu kika buɗe bakinta, za ki ga wani abu rawaya-rawaya ya manne a dasashi da can cikin maƙoshi, yana wari. Gashin da ke kewayen baki ya jiƙe ya dunƙule. Tana zuwa faranti da yunwa, ta ɗauki ƙwaya, ta juya ta a baki, ta kasa haɗiyewa, ta tofar. Wannan ƙwayar da ta faɗo da yawu a jikinta ita ce ke kai cutar ga na gaba. Haka take yi a wurin shan ruwa. Tsuntsun yakan mutu da yunwa alhali hatsi na gabansa, kuma wallahi ba abin kallo ba ne, balle ga tsohuwa da ke zaune don ta ji daɗi.

Turawan da suka ƙirƙiro waɗannan farantai su ma sun ɗanɗana. A Birtaniya cutar ta tsallaka daga tantabaru zuwa ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi a 2005, ta yi wa wani ɗan koren tsuntsu da ke cika lambunansu mummunar ɓarna, har a 2021 aka sa shi cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. A farkon 2025 babbar ƙungiyarsu ta kare tsuntsaye, RSPB, ta dakatar da sayar da shimfiɗaɗɗun farantai a kantunanta saboda wannan dalili. To me ya sa nake ce miki ki kafa abin da su suka ja da baya a kansa? Saboda wannan ƙwayar cuta ba ta jure bushewa. A cikin ruwa ko jiƙaƙƙen hatsi tana iya daɗewa, amma da zarar wuri ya bushe ƙayau ta mutu. Su ƙasarsu ruwa da danshi ne kusan duk shekara. Mu kuwa ruwan da muke samu a shekara bai fi kusan milimita 400 ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sauran watanni rana ce da busasshiyar iska. Ranar nan da muke kuka da ita ita ce maganinmu, in dai farantin da aka zaɓa yana barin ta ta yi aikinta.

Shi ya sa na ce rariya. Gindinta raga ne, ruwa ba ya kwanciya, iska na ratsawa ta ƙasa da sama, ƙura da ɓurɓushi suna zubewa da kansu. Ba ta da nauyi, ana ɗaga ta da hannu ɗaya a kaɗe. Ki nemi wadda idon ragarta ya yi ƙanƙanta yadda tsakin gero ba zai zube ba, ki shafa hannu a gefenta ki tabbatar babu tsinin waya ko bakin gwangwani mai kaifi da zai yanki ƙafar tsuntsu. Idan kina son wadda za ta fi daɗewa, kafinta ya haɗa miki firam na katako, santimita 30 a 40, ya buga masa ragar taga ta alminiyom a gindi, ya sa ƴan sanduna biyu a ƙarƙashi don kada ragar ta lotsa. Ragar sauro ta roba rana na cinye ta cikin ƴan watanni, ta baƙin ƙarfe kuma tsatsa take yi da damina. Katakon a bar shi haka nan, ba fenti, ba baƙin mai. Bakin farantin ya kai santimita 3 zuwa 4 a tsayi. In ya gaza haka iskar hunturu za ta share hatsin, in ya zarce kuma ƙananan tsuntsaye ba sa sakin jiki a ciki, domin ba sa hango abin da ke tahowa.

Faifai na kaba shi ne na biyu a wurina. Yana shan iska, ba ya zafi, yana da araha, kuma tsuntsaye ba sa tsoronsa. Aibinsa ɗaya, kashi na shiga tsakanin saƙar ya maƙale, ba ya fita duka ko an wanke. Idan shi za ki sa, ki ɗauke shi a matsayin abin da ake canzawa, in ya yi baƙi a jefa a murhu a sa sabo. Tiren ƙarfe ko na silba yana wankuwa tas, amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen da ke rana yakan yi zafin da ke da kanki ba za ki iya riƙe shi ba, balle tsuntsu ya tsaya a kai da ƙafa tsirara. Kuma sai an huhhuda shi da ƙusa sosai, in ba haka ba ruwan sama na farko zai mai da hatsin kunu. Roba tana tsagewa a rana, datti ya shige tsagar. Jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji a ciki kuwa, ko an yanke ta an wanke sau nawa, kada ta kusanci wurin.

Kada ki yi kwaɗayin babba. Babban faranti na jawo mai shi ya cika shi, hatsi ya kwana, ya kwana biyu, kashi ya gauraye da shi. Ƙarami biyu sun fi babba ɗaya, kuma ma biyun nake so ki saya tun farko. Yau ɗaya na kan aiki, ɗaya na kife a kan katanga ko rufin ɗaki yana shan rana. Gobe a musanya. Kowace yamma a ɗauke na ranar a kaɗe shi a kankare abin da ya manne. Sau ɗaya a mako a wanke da sabulu da buroshi, a jiƙa shi minti 10 a ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, awo ɗaya na jabel cikin awo 9 na ruwa, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe sarai kafin ya koma. Na san darajar ruwa a garin nan, inda wani lokaci sai an jira ɗan garuwa, amma wankin rariya ɗaya bai fi cikin buta ba. Buroshin da bokitin su zama nasa shi kaɗai, kada su haɗu da kwanonin abinci, kuma wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu. Cutar bakin nan ba ta kama mutum, amma kashin tsuntsu na iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa, ga kuma jikoki a gidan.

Wannan ɗaukewa da mayarwa ita za ta nuna miki irin mazaunin da za a ƙera. Farantin kada a buga shi da ƙusa ko a walde shi. Mai walda ya samo bututun ƙarfe mai santsi, kamar na famfo, tsawon mita 2, ya yi masa zobe ko ƴan yatsu huɗu a sama inda rariya za ta zauna daram, a ɗaga ta a cire ba tare da kwance komai ba. A binne rabin mita a ƙasa da ɗan siminti, mita ɗaya da rabi ya rage a sama. Na ce ƙarfe saboda abu biyu: gara na cin turken itace ta ƙasa ba a sani ba, kyanwa kuma na hawan itace cikin sauƙi amma bututu mai santsi na ba ta wuya. Simintin kuwa don awaki ne. Akuyar da ta ji ƙanshin gero za ta miƙe ta dafa turken da ƙafafun gaba, ta yi ta turawa har ya karkace. Ɗan ƙasa da farantin a huda tsohuwar tasa a zura ta a kife a jikin bututun. Ɓera ko ƙadangaren da ya hawo zai tarar da rufi a kansa, ya koma. Idan kiyashi ko tururuwa suka gano hanya, a zuba toka a gindin turken. Wasu kan shafa baƙin mai ko giris a bututun, ni ban yarda da shi ba, domin in ya taɓa gashin tsuntsu ba ya fita.

Na ratayewa da igiya yana da kyau a hoto, amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas za ta yi ta kaɗa shi, hatsi na zubewa, kurciya kuma ba ta son sauka a kan abin da ke lilo. Ɓera ma ta igiyar yake saukowa. Mai gajerun ƙafafu da ake ajiyewa kusa da ƙasa shi baiwar Allah da asisi suka fi so, gaskiya, amma a gidan da ke da kaji da kyanwa tarko ne kawai aka ɗana musu. Za su saba da na sama, sai dai su ɗan daɗe.

Wurin da za a kafa shi ya kai zaɓen farantin muhimmanci. Ƙaramin tsuntsu ba ya sauka inda babu mafaka kusa, domin shaho na iya faɗowa ko yaushe. Yakan fara sauka a reshe, ya duba, ya sauko ya ɗauki ƙwaya biyu, ya koma. Amma in farantin ya matsu da katanga, ko rumfa, ko tarin itacen girki, kyanwa ta samu wurin laɓewa da wurin yin tsalle. Ki auna kamar mita 2 zuwa 3 daga bishiya ko katanga. In akwai dogon yaro a gidan, ki nemi gefen inuwarsa inda rana ke samun wurin da safe, inuwa ta rufe shi da azahar. Kada ya zama daidai ƙarƙashin reshen da kurciyoyi ke kwana, ki duba ƙasa, inda farin kashi ya taru nan ne, ki kauce masa. Ya yi nesa da madafa, da randa, da inda ake shanya gari ko kuɓewa. Sannan a zaunar da Inna inda ta saba zama a duba ko tana hango shi ba tare da rana ta haske mata ido ba. Tsuntsaye kan saba da mutumin da ke zaune shiru a wuri ɗaya kullum, har su riƙa sauka yana ƴan taku kaɗan daga gare su.

Rufi ba dole ba ne. Ruwanmu da iska yake zuwa, daga gabas, a karkace, ɗan rufin da ke hoton ba zai tare komai ba. In hadari ya haɗu a ɗauke rariya a shiga da ita ɗaki, shi ke nan. In kuma babu bishiya a gidan sam, a yi masa ƴar inuwa ta zana ko kaba, a ɗaga ta kamar santimita 30 sama da farantin, gefuna a buɗe.

Abin da zai fara ba ki haushi shi ne manya za su kori ƙanana. Hasbiya biyu in suka sauka sun cika rariya, cikin ɗan lokaci sun share ta. Hankaka ma zai leƙo in ya ga alamar tuwo ko nama. Maganin wannan keji ne marar gindi, na waya mai ido kamar santimita 4, a kifa shi a kan farantin. Baiwar Allah, asisi da gwara za su shige ta idon su ci a natse, kurciya da hasbiya su tsaya waje. Tun da Inna na son kurciyoyinta, a yi musu nasu farantin dabam a wani gefen gidan. Raba su ɗin ma riga-kafi ne, tun da kurciya da tantabara su ne gidan waccan cuta. In akwai mai kiwon tantabaru a maƙwabta, kejin ya zama wajibi, in ba haka ba garkensa za ki riƙa ciyarwa.

Abinci kuwa, gero ne sarki, amma ƙwayarsa ta yi wa baiwar Allah girma, ita da ta saba da ƴaƴan ciyawa. Tsaki ya fi mata, wanda ke fita wajen tankaɗe, ko a ɗan ɓarza geron a turmi. Ɓarzajjiyar dawa, karyayyar shinkafa da ɗan riɗi duk suna shiga. Dusa iska ke kwashewa. Sauran tuwo da shinkafa dafaffiya suna lalacewa cikin sa'o'i a zafinmu, ga gishiri da mai, ga ƙuda, a bar wa kaji. Iri na shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ki ga an rina shi ja ko shuɗi, guba ne, haka ma hatsin da aka barbaɗa wa maganin ƙwari a buhu. Gyaɗa kuma ki kiyaye ta, musamman wadda aka tsince aka ware don ta yi baƙi ko ta yi ɗaci. Fumfunar da ke kama ta na haifar da wata guba mai cin hanta, aflatoksin, kuma tsuntsaye na daga cikin halittun da ta fi saurin kashewa. Ta hanyarsu ma aka gano ta: a 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Brazil. Duk hatsin da ba za ki yarda ki dafa wa iyali ba saboda warin ruma, su ma kada a ba su.

Yawan da za a zuba shi ne wanda za su cinye kafin hantsi ya ɗaga. A fara da cikin ƙaramin kofin shayi ɗaya bayan sallar asuba. In an ga ya ƙare da wuri ana iya ƙara rabinsa da la'asar. In ya yi saura da magariba an yi yawa, gobe a rage. Kada komai ya kwana a kai, domin dare na ɓeraye ne, inda ɓera ya yawaita kuma maciji na biyo shi. Tiya ɗaya, wato kusan kilo 2 da rabi, in ana zuba giram 50 a rana za ta kai kwana 50. Na kawo wannan lissafi ne don na san akwai wanda zai ce ana zuba wa tsuntsu gero alhali mutane na nema. Maganarsa abin saurare ce, a ƙasar da ta san yunwa irin tamu. Amma abin da ake bukata ɗan kaɗan ne, mafi yawansa ma daga abin da ke zubewa wajen surfe da tankaɗe za a same shi, kuma mun taso muna jin malamai na karanta mana cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Wanda zai zuba kwano guda a rana shi ne ya yi almubazzaranci, ya kuma cuci tsuntsayen.

Ruwa ya fi hatsi jawo su, nesa ba kusa ba. Garin nan a kan dutse yake zaune, mu kanmu daga nesa ake turo mana ruwa, tabkunan cikin gari kuma sukan ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Mai cin busasshen hatsi dole ya sha kullum. Kasko na ƙasa, irin na maginan Mirya, shi ya fi, yana sanyaya ruwa, kuma cikinsa na da kaushi, ƙafa ba ta zamewa. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3 zuwa 5, a sa dutse ɗaya ko biyu a ciki da suka ɗan fito sama don ƙanana su tsaya. A ɗora shi a bisa, ƴan taku daga farantin, don hatsi kada ya faɗa ciki. Kullum a zubar a cuɗa a sake, kuma shi ma biyu ake so, ɗaya na bushewa. Ruwan da ake canzawa kullum sauro ba ya samun damar ƙyanƙyashewa a cikinsa, domin daga ƙwai zuwa mai tashi yana bukatar kusan mako guda. Da kasko za ki ga baƙin da hatsi ba ya kawowa, irin su koji da shaya mai ƙyallin gashi. In kika yi sa'a za ki ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, girman baiwar Allah, yana biye da ita. Matarsa ba ta saƙa sheƙa, a cikin ta baiwar Allah take zuba ƙwanta, ita ta ƙyanƙyashe ta rena tare da nata. Ɗan nata har zanen cikin bakinsa irin na ƴaƴan gidan ne, namijin kuma in ya girma kukan uban riƙonsa yake kwaikwaya. A gaya wa Inna ta sa ido, abin mamaki ne.

Ba duk shekara ake ciyarwa daidai ba. Daga Maris zuwa saukar ruwa ƴaƴan ciyawar da ke ƙasa sun yi ƙaranci, nan taimakonki ya fi amfani. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne makonnin da ke biye da ruwan farko sun fi tsanani ga masu cin hatsi, domin ƙwayoyin da suka rage a ƙasa duk sun tsira, sabuwar ciyawa kuma ba ta yi ƴaƴa ba. Don haka a ci gaba da zubawa a farkon damina, amma kaɗan-kaɗan, da safe kawai, kuma ranar da gari ya kwana da danshi rariya ba ta bushe ba a haƙura. Watannin nan ne kariyar rana ke raguwa, sai a ninka tsabta. Da ciyawa ta yi kai, gero ya fara nuna, a ɗauke farantin a bar kasko kaɗai. Abinci ya wadata a daji, kuma ba daidai ba ne a riƙa tara masu cin hatsi a gefen gari lokacin da manoma ke kwana a gona suna korar jan baki.

Kajin gidan su ne abin da zan fi ja miki kunne a kai. Duk mai shekaru a jihar nan na tuna Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a agwagin Magarya, karo na farko a Nijar, da asarar da masu kiwo suka yi. Cuta na tafiya ta kowane ɓangare, daga na daji zuwa na gida, daga na gida zuwa na daji. A kafa farantin nesa da akurki, a riƙa share abin da ya zube ƙarƙashinsa kowace yamma don kada kaji su mai da wurin nasu, kuma kada su sha a kasko ɗaya. Duk lokacin da aka ji annobar kaji ta shigo unguwa, wadda ta fi yawa da sanyi, a sauke komai sai ta wuce.

Kwanakin farko wataƙila babu wanda zai sauka, sabon abu tsoro yake ba su. A bar shi a wurin, a zuba a lokaci ɗaya kullum, a ɗan watsa kaɗan a kan katangar da ke kusa. Gwara ko kurciya ke fara gwadawa, sauran su biyo, wani lokaci sai an yi mako biyu. Yaran gida da na maƙwabta a yi musu magana tun wuri, domin wurin da tsuntsaye suka saba sauka sun saki jiki shi ne mafi sauƙi ga mai danƙo da mai tarko. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ɗora wa mafi ƙiriniyarsu aikin zuba hatsi da canza ruwa, a ce tsuntsayen amanarsa ne.

Ranar da kuka ga tsuntsu ya kumbura gashi, ya zauna a faranti ba ya tashi ko an matso, ko bakinsa a jiƙe yana ta ƙoƙarin haɗiya, a sauke faranti da kasko duka a ranar, a wanke da jabel, a ajiye su mako uku zuwa huɗu don taron ya watse. Zai yi wa Inna wuya, a yi mata bayani. Wanda ya mutu kada yara su taɓa shi, kada a jefa wa kyanwa, a sa leda a hannu a ɗauke shi a binne da zurfi. In kuwa suka mutu da yawa a lokaci guda, ko kaji suka fara bi, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ma'aikatar kiwo ta gari a ranar.